Malama a Cikin Kumbo: Tarihin Yunƙurin Kai Aji Sararin Samaniya

Gabatarwa

Ranar Talata 28 ga Janairun 1986, makarantu da dama a Amurka sun dakatar da darussa, aka tara yara a gaban talabijin domin su kalli tashin kumbon Challenger. Wannan shi ne karo na 25 da irin wannan kumbo na jigila, mai tafiya ya dawo a sake amfani da shi, zai tashi, kuma jama'a sun riga sun saba da ganinsa har ya daina ba su mamaki. Abin da ya bambanta wannan tafiya shi ne, cikin mutum bakwai da ke kumbon akwai malamar sakandare, Christa McAuliffe, wadda aka shirya za ta koyar da ɗalibai kai tsaye daga sararin samaniya. Daƙiƙa 73 bayan tashi, kumbon ya tarwatse a idon yaran da aka tara domin a jawo hankalinsu ga kimiyya.

Wannan maƙala ta bibiyi tarihin tunanin da ya kai malamar cikin kumbo, da abin da ya biyo bayan rasuwarta. Tarihin ya nuna cewa burgewa da koyarwa abubuwa biyu ne daban. Kumbo yana da saurin jan hankalin yaro, amma shirye-shiryen da suka ɗore su ne waɗanda suka danƙa wa ɗalibi da malaminsa wani aiki da za su yi da hannunsu.

Daga Sputnik zuwa Skylab

Dangantakar kumbo da aji ta samo asali ne daga fargaba. Ranar 4 ga Oktoban 1957, Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik 1, tauraron ɗan'adam na farko, wanda nauyinsa bai wuce kilo 84 ba. Ba ya yin komai sai kewaya duniya yana aiko da wata ƴar ƙara ta rediyo, amma ƙarar ta isa ta tayar wa mahukuntan Amurka hankali. Da yawa daga cikinsu sun ɗora laifin a kan makarantu, suna ganin abokiyar gabar tasu ta fi su yaye injiniyoyi da masana lissafi. A 1958 aka kafa hukumar NASA, kuma a watan Satumba na shekarar Shugaba Eisenhower ya sa hannu a kan dokar ilimi domin tsaron ƙasa, wadda ta zuba ɗaruruwan miliyoyin daloli wajen koyar da kimiyya da lissafi da harsunan waje, tare da horar da malamai.

A zamanin tafiye-tafiyen Apollo, ɗalibi ɗan kallo ne kawai, ko da yake kallon ya ratsa duniya, har ya kai marigayi Mamman Shata ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa a ƙasar Hausa. Wani lokaci kallon kansa yakan zama darasi. A watan Agustan 1971, kwamandan Apollo 15, David Scott, ya tsaya a doron wata riƙe da guduma a hannu ɗaya da gashin shaho a ɗaya hannun, ya sake su lokaci guda. Da yake babu iska a wata, tare suka faɗi. Abin da Galileo ya faɗa tun ƙarni na 17, cewa nauyin abu ba shi ne ke sa shi saurin faɗuwa ba, ya bayyana a fili cikin ƙasa da daƙiƙa biyu. Gani ya kori ji.

An ci gaba da taki ɗaya a zamanin Skylab, tashar sararin samaniya ta farko ta Amurka. A 1971 aka buɗe gasa ga ɗaliban sakandare su kawo shawarar gwajin da za a yi a tashar. Shawarwari fiye da 3,000 suka shigo, aka zaɓi 25, aka gudanar da 19. Wadda ta fi shahara ita ce ta wata ɗaliba daga jihar Massachusetts da ta tambaya: gizo-gizo zai iya saƙa a inda babu sama babu ƙasa? A 1973 aka tafi da gizo-gizo biyu, Arabella da Anita. Saƙar farko ta fito a hargitse, amma bayan ƴan kwanaki sai ta daidaita, illa dai zaren ya fi na duniya siranta. Muhimmancin gwajin ga tarihin ilimi shi ne, tambayar daga aji ta fito, ƴan sama jannati kuwa suka zama masu yi wa ɗaliba aiki.

Yadda Aka Haifi Shirin Malami a Sararin Samaniya

A farkon shekarun 1980 buƙatu biyu suka haɗu. Ta farko ta NASA ce. Hukumar ta tallata kumbon jigila, wanda ya fara tashi a 1981, a matsayin abin hawan da zai mayar da zuwa sama tafiya ta yau da kullum. Domin ta tabbatar da haka, kuma ta farfaɗo da sha'awar jama'a da ta fara dusashewa, tana son ta ɗauki farar hula wanda ba matuƙin jirgi ba ne, ba kuma masanin kimiyya ba. An yi ta tunanin ɗan jarida ko marubuci ko mai zane.

Buƙata ta biyu ta siyasa ce. A watan Afrilun 1983 wani kwamitin gwamnati ya fitar da rahoto mai zafi da ya ce taɓarɓarewar makarantu ta jefa ƙasar cikin haɗari. Shugaba Ronald Reagan, wanda ya taɓa alƙawarin rushe ma'aikatar ilimi ta tarayya, ba shi da farin jini wurin ƙungiyoyin malamai, kuma babbar ƙungiyarsu ta mara wa abokin takararsa Walter Mondale baya a zaɓen 1984. Ranar 27 ga Agustan wannan shekara, ana tsaka da yaƙin neman zaɓe, Reagan ya sanar cewa farar hula na farko da za a zaɓa daga cikin jama'a domin shiga kumbo malamin makaranta ne. Wasu shugabannin malamai sun soki lamarin, suna cewa tura mutum ɗaya sama ba zai gyara albashi da azuzuwan miliyoyin da ke ƙasa ba.

Duk da sukar, malamai sun amsa kira. Fiye da 11,000 ne suka cike doguwar takardar neman shiga, wadda ta ƙunshi rubuta maƙaloli da tsara aikin da mutum zai yi a kumbo. Aka tace su zuwa 114, sannan zuwa goma. Ranar 19 ga Yulin 1985, Mataimakin Shugaban Ƙasa George Bush ya bayyana Christa McAuliffe a matsayin wadda ta yi nasara, da Barbara Morgan, malamar firamare daga garin McCall a jihar Idaho, a matsayin wadda za ta maye gurbinta idan wani uzuri ya taso.

McAuliffe ba malamar kimiyya ba ce. Tarihi da zamantakewa take koyarwa a makarantar sakandaren Concord ta jihar New Hampshire, matar aure ce mai ƴaƴa biyu. An san ta da wani darasi da ta ƙirƙira kan tarihin matan Amurka, inda take sa ɗalibai su karanta wasiƙu da littattafan ajiye labarin yau da kullum na talakawa, domin su gane cewa ba sarakuna da janar-janar kaɗai ke yin tarihi ba. Aikin da ta gabatar wa NASA ma daga nan ya fito: za ta riƙa rubuta abin da ta gani kowace rana, kamar yadda matan da suka yi ƙaura zuwa yammacin Amurka a keken doki suka yi. Daga watan Satumban 1985 ita da Morgan suka koma cibiyar horar da ƴan sama jannati da ke Houston.

An tsara mata darussa biyu na kai tsaye, kowanne na minti 15. A na farko za ta zagaya da ɗalibai cikin kumbon, ta nuna musu inda ake tuƙi da yadda ake ci da barci. Na biyu zai yi bayanin dalilin zuwa sararin samaniya da amfaninsa. Ban da waɗannan, za a ɗauki hoton wasu gwaje-gwaje shida domin a rarraba wa makarantu, kan abubuwa irin su maganaɗisu, da dokokin motsi na Newton, da yadda kumfa ke tashi a ruwa inda babu nauyi, da shuka ba tare da ƙasa ba. An buga jagoran malamai an aika makarantu, NASA kuma ta shirya watsa tashin kumbon zuwa azuzuwa ta tauraron ɗan'adam.

Safiyar 28 ga Janairu

An ɗage tashin sau da dama tun daga 22 ga wata. A daren jajibirin ranar da aka tsayar, sanyi mai tsanani ya sauka a Florida, har ƙanƙara ta daskare a jikin hasumiyar da kumbon ke tsaye. Rokoki biyu da ke ɗaga kumbon an haɗa su ne gunduwa-gunduwa, kuma a kowace mahaɗa akwai zobban roba da ke hana iskar wuta tsirgowa. Injiniyoyin kamfanin Morton Thiokol da ya ƙera rokokin, cikinsu har da Roger Boisjoly, sun yi gargaɗi a wannan dare cewa sanyi na sandarar da robar, suka ba da shawarar kada a tashi a ƙasa da digiri 12 na ma'aunin Salshiyas, wanda shi ne mafi sanyin da aka taɓa tashi a cikinsa. Jami'an NASA sun ƙalubalanci shawarar, shugabannin kamfanin kuma suka janye ta. Da ƙarfe 11:38 na safe aka harba kumbon, zafin iska bai wuce digiri 2 ba.

Zoben da ke wata mahaɗa ta rokar dama ya kasa toshe kafar. Harshen wuta ya fito ya ci jikin babban tankin mai, kumbon ya wargaje. Dick Scobee da Michael Smith da Judith Resnik da Ellison Onizuka da Ronald McNair da Gregory Jarvis da Christa McAuliffe duk suka rasu. McAuliffe tana da shekara 37. Iyayenta da ƴaƴanta suna wurin, haka ma Barbara Morgan. A Concord ɗalibanta suna taruwa a babban ɗakin taro na makaranta suna tafi, kafin su fahimci abin da suke gani. Da yammacin ranar Reagan ya ɗage jawabinsa na shekara ga majalisa, ya yi wa ƙasa ta'aziyya, kuma ya keɓe wani sashe na jawabin ga yaran da suka kalli abin.

Kwamitin bincike ƙarƙashin William Rogers ya gano cewa matsalar zobban sananniya ce tun shekaru, an dai saba da ita ne har aka daina ɗaukarta a matsayin haɗari. Ya kuma ɗora laifi kan yadda ake yanke shawara a hukumar da matsin lambar cika jadawalin tashi. A zaman kwamitin na 11 ga Fabrairu, masanin kimiyyar lissafin halitta Richard Feynman ya matse guntun robar da ɗan maƙali, ya tsoma a kofin ruwan ƙanƙara, ya ciro ya nuna cewa ba ta komawa siffarta da wuri. Gwaji ne da kowane malamin firamare zai iya yi a kan teburinsa, kuma ya fahimtar da jama'a abin da ɗaruruwan shafukan rahoto za su daɗe ba su fahimtar ba.

Haɗarin ya tayar da tambayar da ta shafi amana. An gabatar da kumbon ga jama'a, har da malaman da suka nemi shiga, kamar abin hawan da ya gama gwaji. Feynman ya rubuta a rataye na rahoton cewa injiniyoyi na ƙiyasta haɗarin asarar kumbo da kusan ɗaya cikin ɗari, alhali shugabanni na cewa ɗaya cikin dubu ɗari. Shirin da aka yi domin koya wa yara kimiyya ya ginu ne a kan watsi da abin da ma'aunai suka nuna. An dakatar da tashin kumbunan jigila har watan Satumban 1988, shirin kai malami sama kuma aka jingine shi.

Abin da Ya Tsira

Bayan haɗarin, aikin ya koma hannun waɗanda ba su da kumbo. A watan Afrilun 1986 iyalan mamatan, bisa jagorancin June Scobee, matar kwamandan kumbon wadda ita ma malama ce, suka kafa cibiyar ilimi mai sunan Challenger. Reshen farko ya buɗe a Houston a 1988, daga baya rassa suka kai gommai. Tsarinsu shi ne a raba aji gida biyu, wasu a ɗakin da aka yi kamar kumbo, wasu a ɗakin ba da umarni. Kowane yaro da aikinsa, wani lissafin hanya, wani kula da lafiya, wani sadarwa, kuma tafiyar ba ta yin nasara sai kowa ya yi nasa. Malami yakan shirya ajin makonni kafin zuwa.

Wani shirin kuma Challenger ɗin ne da kansa ya dasa shi. A watan Afrilun 1984 kumbon ya ajiye wani babban tauraron gwaji a sama, ɗauke da irin tumatir miliyan 12.5. An yi niyyar ɗauko shi cikin shekara guda, amma jinkiri da haɗarin 1986 suka sa ya zauna kusan shekara shida, sai a Janairun 1990 kumbon Columbia ya dawo da shi. Aka rarraba irin ga makarantu, ɗalibai fiye da miliyan uku suka shuka shi gefe da gefe da irin da bai bar duniya ba, suna aunawa suna rubutawa. Sakamakon bai zo da abin mamaki ba, domin irin ya tsira ya yi ƴaƴa ba tare da wani babban bambanci ba. Amma yaran sun koyi ginshiƙin binciken kimiyya: a kwatanta abu biyu, a auna, a rubuta abin da aka gani ko da bai yi daidai da abin da aka zata ba.

Rediyo ma ta buɗe wata ƙofa. Tun 1983 ɗan sama jannati Owen Garriott ya yi magana da masu sha'awar rediyon oba-oba daga cikin kumbo. Daga nan aka gina shirin ARISS na ƙasa da ƙasa, wanda ya haɗa makaranta ta farko da Tashar Sararin Samaniya ta Duniya a watan Disamban 2000. Tashar na tafiya a nisan kilomita 400 daga ƙasa, da gudun kusan kilomita 28,000 a awa, saboda haka hirar ba ta wuce minti goma kafin ta ɓace a bayan gari. Amfanin yana cikin watannin shiri, lokacin da ɗalibai ke koyon lissafin sa'ar da tashar za ta gifta, da yadda eriya ke aiki, da tace tambayoyinsu. An yi irin wannan hira fiye da sau dubu a nahiyoyi daban-daban. Haka nan Sally Ride, Ba'amurkiya ta farko da ta je sama, ta assasa shirin da ake kira EarthKAM, inda ɗaliban ƙaramar sakandare ke zaɓar wurin da kyamarar tashar za ta ɗauka, su lissafa lokacin, sannan su yi nazarin hoton.

Haƙurin Barbara Morgan

Morgan ta koma ajinta a Idaho a ƙarshen 1986, ta ci gaba da koyarwa tana kuma yi wa NASA aikin wayar da kai. A Janairun 1998 hukumar ta ɗauke ta, amma da sabon sharaɗi: ba za a sake tura malami a matsayin baƙo mai horon ƴan watanni ba, sai ya zama cikakken ɗan sama jannati. Ta yi horon shekara biyu, ta yi aiki a ɗakin ba da umarni. An sa ta cikin wata tafiya da aka tsara wa kumbon Columbia, sai shi ma ya tarwatse a hanyar dawowa ranar 1 ga Fabrairun 2003. Ba ta janye ba. Ranar 8 ga Agustan 2007 ta tashi a kumbon Endeavour tana da shekara 55, shekara 22 bayan zaɓenta na farko. Ta sarrafa hannun ƙarfen kumbon, ta kula da sauke kaya, ta amsa tambayoyin ɗalibai, ta kuma dawo da irin ɗaɗɗoya miliyan 10 domin makarantu.

A 2004 an ɗauki wasu malamai uku bisa wannan tsari: Joseph Acaba da Richard Arnold da Dorothy Metcalf-Lindenburger, kuma dukkansu sun je sama. A 2018, bayan shekara 32, aka ɗauki hoton wasu daga cikin darussan McAuliffe a tashar sararin samaniya, Arnold na gabatarwa, aka saka su a intanet kyauta.

Tunanin ya ƙetare iyakar Amurka. Ranar 20 ga Yunin 2013, Wang Yaping ta ƙasar Sin ta koyar da darasi na kimanin minti 40 daga tashar Tiangong-1, aka ƙiyasta ɗalibai da malamai miliyan 60 suka kalla. Kafin darasin Morgan ta aika mata wasiƙar fatan alheri. A Afirka ta Yamma kuwa, a watan Yulin 2017 aka saki ƙananan taurarin ɗan'adam daga tashar duniya ƙarƙashin wani shiri na Cibiyar Fasaha ta Kyushu a Japan. Cikinsu akwai GhanaSat-1 na Jami'ar All Nations da ke Koforidua, da NigeriaEduSat-1 na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure. Kowannensu bai wuce kilo ɗaya da ɗan wani abu ba, kuma matasan injiniyoyin ƙasashen ne suka haɗa su da hannunsu.

Kammalawa

Shirin 1984 ya ɗora fatan dukkan malamai a kan mutum ɗaya da tafiya ɗaya, ya kuma ɓoye haɗarin da ke cikinta. Waɗanda suka soke shi tun farko suna da gaskiya cewa kumbo ba ya biyan albashi kuma ba ya gina ɗakin gwaji. Sai dai malamai 11,000 da suka nemi shiga su ma sun hango wani abu, wato cewa yaro kan yi tambaya da zarar ya ɗaga kai sama, kuma tambaya ce mafarin kimiyya. Da yawa daga cikin 114 da suka kai zagayen kusa da ƙarshe sun shafe shekaru suna horar da ƴan uwansu malamai.

Shirye-shiryen da suka rayu bayan Challenger sun yi tarayya a abu uku: ɗalibi na da aikin yi, malami ne ke jan ragama tun kafin ranar da kuma bayanta, kuma kayan aikin masu sauƙi ne, irin shuka ko eriya ko taswira. Tashar sararin samaniya na giftawa ta saman Yamai da Maraɗi da Kano da Kumasi, ana kuma ganinta da ido bayan magariba ko kafin fitowar rana, kamar tauraro mai haske yana tafiya ba ya ƙyaftawa. Malamin da ya san sa'ar giftawarta, ya fito da ɗalibansa suka auna tsawon lokacin da ta ɗauka daga wannan gefe zuwa wancan, ya riga ya fara darasin da Christa McAuliffe ta yi niyyar koyarwa.